Laifin Fara

Ruwan Godiya, Satumba 2021

Zuwa ga ɗiyata Mansura,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta ishe ki lafiya kamar yadda ta baro mu. Ya karatu, ya Zariya? Nan gida kowa lafiya lau, in kin cire gwiwoyin kakarki Dada, waɗanda suka rantse daga ɗaki zuwa zaure ne iyakarsu. Bakinta kuwa garau yake, ni ne shaida.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Tun da aka katse mana layin waya, ni da wayata sai kallon-kallo, aikin tocila kawai take yi mani. Gide direba ya ce duk sa'ad da zai kai hatsi Zariya zai miƙa maki takarda, shi ya sa na kakkaɓe biro.

Albishirinki. Kin san zabin Dada, irin nan da ta zo da shi daga Damari tun tana amarya, wanda kowace jika ke samun zabo da zabuwa in za ta bar gida. Bara da muka gudu Ƙanƙara wurin mahaifiyarki saboda rashin kwanciyar hankali, mun dawo mun tarar saura biyu. Da damina zabuwar ta yi ƙwai a cikin ciyawa, muzuru ya yi gaba da ita, zabon ma ya bi duniya. Na lalubo ƙwan, Dada ta sa wa farar kazar nan tata, wadda muke kira Fara. To, tara sun ƙyanƙyashe! Su ke nan suka rage na irin Damari a duk duniya, kuma rabonki na cikinsu, tunda ke kaɗai ce jikar da ba a ba ba. Fara sai fankama take da su kamar ita ta yi ƙwan. Dada kuma ta kafa kujera a ƙofar ɗaki tana zagin shirwar da ke kan ɗorawar bayan gida. Ta ce tun zamanin kakar shirwar nan suke gaba.

Gona ta yi kyau, sai dai fari sun sauka mana a waken bayan gida. Ban yi wasa ba, na ɗauko maganin nan da nake saye wurin wani mai yawo da kaya. Kwalbarsa ba takarda ba suna, amma mutane na kiran shi Ba-Gobe, don duk ƙwaron da ya taɓa ba ya ganin gobe. Damina uku ke nan ina aiki da shi. Na fesa, fari suka yi ta zuba. Yanzu kullum da safe uwar ɗiyan zabi takan ja su zuwa bakin gonar su yi kalaci a ɓagas. Kwaɗayinta ya kai har ta tsoma baki a ruwan da na wanke tankin feshi, sai da na kore ta da takalmi.

Dada ta ce in tambaye ki, wai karatun tsirrai da ƙwari da kike yi, ana koya maku tuƙa tuwo a ciki ko sai an dawo gida?

Kawunki,
Yahuza


Zariya, Satumba 2021

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, a gaishe da Dada. Ku gafarce ni, a tsaye nake rubutun nan a kan bayan motar Malam Gide, yana ta danna mani oda, ni kuma jarrabawa zan shiga.

Na karanta takardarku. Fara ce matsalar. Don girman Allah a raba ɗiyan zabin nan da ita yau, kada a jira gobe. Guba na cikin jikinta ko da kun ga tana motsi garau. Kada su kusance ta, kada kuma wani ya ce zai soya ya ci. Cikakken bayani na nan tafe in na fito.

Ɗiyarku,
Mansura


Ruwan Godiya, Oktoba 2021

Ɗiyata Mansura,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Allah ya sa an fito jarrabawa da hannun dama.

Kafin ki kai ƙarshen layin nan na san kin ga kwandon da Gide ya sauke maki, ko kuma kin ji abin da ke cikinsa. To, ga Fara nan na aiko maki.

Da takardarki ta zo, a tsakar gida na karanta ta da ƙarfi kowa ya ji. Na ce ai shi ke nan, ruwan wankin tankin nan da ta sha ne ya zame mata dafi. Dada ta ce ƙarya boko yake yi, kazar da ke cin tsaba kamar ta biya haraji ina ta ga ciwo? Na ce, "Dada, yarinyar nan ba a banza take Zariya ba. Ta ce ko an ga tana motsi garau." Muka yi ta ja-in-ja har tuwo ya huce. Daga ƙarshe ta ce, "To ku ɗauke ta. Amma in an yanka mani kaza ban yafe ba."

Maƙwabcinmu Zailani ya ce shi a ba shi, cikinsa ya ga abin da ya fi haka. Na nuna mashi inda kika rubuta kada a soya. Sai na yi tunani, tunda kuna da na'urori a makaranta, gara a kai maki ita ku auna, in akwai allura ku yi mata. Tana son tsakin dawa, ba ta son a taɓa mata wutsiya.

Kama ta bai zo da sauƙi ba. Kaza mai ɗiya ita ke gudun shirwa, amma wannan ko ni ba ta guda ba, ta sa mani hannu a goshi da ƙafarta, tabon na nan ki zo ki gani. Ɗiyan zabin kuma tun da aka tafi da ita suke kuka, tausayi ya hana ni sakat. Amma kada ki damu, na yi dabara. Na sake fesa wa waken Ba-Gobe jiya, fari na nan kwance birjik. Gobe da kaina zan kora su tara ɗin zuwa gona, su ci su ƙoshi su manta da maraici.

Kin ga dai Kawunki ba ya wasa da shawarar masu ilimi.

Yahuza


Zariya, Oktoba 2021

Kawuna,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da Dada. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta takardarku ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun.

Kawu, ba Fara kaza ba! Fara ƙwaro nake nufi, mai tsalle, wadda kuka fesa wa magani. Ga ta nan na zana maku a ƙasan takarda da ƙafafunta shida. Laifina ne da na yi rubutu a gurguje, da a waya ne da kun ji yadda na ja bakin kalmar. Don Allah, don Annabi, kada a kai ɗiyan zabin nan gona. In an riga an kai su, a dawo da su a kulle a akurki, a ba su gara da tsaki da ruwa mai kyau.

Ga bayanin da na yi alkawari. Magungunan feshi iri-iri ne. Akwai wanda rana da ruwan sama ke kashe ƙarfinsa cikin ɗan lokaci. Akwai kuma tsofaffin nan da hukuma ta hana, waɗanda ake ɗurawa a kwalba ba suna, kuma ina jin tsoron naku na cikinsu. Irin wannan in ya shiga ciki ba ya bin fitsari ko kashi ya fita, kitse yake samu ya maƙale. Sunansa Ba-Gobe, amma shi yana da gobe, yana da jibi, yana da gata, har citta.

Ku tuna yadda ake mazarƙwaila. Ruwan rake cike da tukunya, ana ta wuta, ruwa na tafiya, zaƙi na zama, har a sauke ɗan curi wanda zaƙin tukunya duka ke cikinsa. To haka gubar nan take. Fara ɗaya ɗan kaɗan ta lasa a ganyen wake, wata ma ba ta mutu ba, tana nan tana tsalle. Ɗan zabo ya tsinci fari cike da maƙoshi yau, ya ƙara gobe. Naman farin ya narke ya wuce, gubarsu duka ta zauna a jikinsa. Shirwa ta zo ta ɗauki ɗan tsako nan, ɓera can, kowanne da nasa curin, ita kuma ta haɗa su wuri ɗaya. Duk wanda ya fi zama a sama, shi ke kwasar kaso mafi tsoka. Ku ne kuka koya mani cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. To kowa ya ci zabo ya ci farin da zabon ya ci. Kuma in kun duba wa ke zaune a can ƙarshen layi da kwano a hannu yana jiran dafaffen ƙwan zabi, Dada ce.

Malaminmu ya kai mu wani dam ya nuna mana haka a ruwa. In an auna ruwan, da ƙyar a ga gubar. A ƙananan kifi ta ƙaru, a tarwaɗa ta ninka, a zalɓen da ke cin kifin kuwa ta kai inda ɓawon ƙwansa ke yin laushi ya fashe tun kafin ya ƙyanƙyashe.

Wani abin kuma, Kawu, maganin nan bai san abokin gaba ba. Yana kashe zumar da ke bin furen wakenku har ya yi 'ya'ya, da gizo-gizo da kwaɗin da ke cinye maku ƙwari ba ku biya su ba. Har shirwar da Dada ke zagi ma'aikaciyarku ce, ɓerayen da take ɗauka sun fi 'yan tsakin da take sata yawa. Sauran maganin kada a zubar a ƙasa ko a rafi. A toshe kwalbar a ajiye nesa da yara, in malamin gona ya zo a ba shi, a kuma tambaye shi wanda ya dace. Kafin nan a gwada jiƙon 'ya'yan darbejiya.

Batun baƙuwata. Ba mu da na'urar auna kaza a ajinmu, kuma ba a yarda da dabba a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ƙawata Ikhlas ta ɓoye ta a bayan akwati, ita kuma don ta gode mata sai ta yi ƙwai a cikin hular wankanta. Na hana a ci ƙwan, tunda ita ma ta sha kalaci a gonarku. Da asuba kukan kazar ya tona mana asiri, yanzu dai tana wurin matar mai gadi, duk layinmu an san ta. Wasu har tambayata suke wai ita ma karatu ta zo.

Ina nan hankalina na kan su tara ɗin. A ba ni amsa da motar farko.

Ɗiyarku,
Mansura


Zariya, Nuwamba 2021

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Na aiko da takarda ta hannun Malam Gide tun watan jiya, shiru kamar an shuka dusa. Na je tasha har na gaji, an ce ba a gan shi ba. Na gwada lambarku ko Allah zai sa, ba ta shiga. Wannan na ba wata ɗaliba 'yar Ƙanƙara ta kai wa Inna, ita kuma ta nemi mai zuwa wajenku.

In waccan ba ta iso ba, ga shi a taƙaice: fara ƙwaro nake nufi, ba kaza ba. Kada ɗiyan zabi su je gonar wake.

Kawu, in sun mutu ku gaya mani gaskiya, kada ku ɓoye. Abin da ke ci mani rai shi ne, irin da Dada ta riƙe tun kafin a haifi Inna, a ce layi biyu na rubutuna ne suka yanke shi. Ko tuwo na sa a gaba sai in tuna. Fara na gaishe ku, ta yi ƙiba.

Mansura


Ruwan Godiya, Nuwamba 2021

Ɗiyata Mansura,

Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ki ci tuwonki, muna lafiya. Motar Gide ce ta kwanta a Funtuwa, injin ya ƙone, takardarki na cikin aljihun ƙofa tana hutawa. Rana ɗaya suka iso, ita da wadda ta biyo ta Ƙanƙara.

Na sake karantawa a tsakar gida, don inda aka yi kuskure nan ake gyara shi. Da na kai wurin "ba Fara kaza ba", Dada ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Ta ce, "Ɗa da jika, an taru an yi wa kaza sharri, an kai ta jami'a!" Zailani ya ji ta kan katanga, kafin la'asar duk gari ya sani. Yanzu in na fita sai a ce mani, "Malam Yahuza, ya ɗaliba?" Zanenki kuma mun gani. Dada ta ce akuya ce mai fiffike.

To ga abin da kike jira. Washegarin da na aiko maki kazar, na buɗe akurki na ɗauki kara zan kora su gona kamar yadda na faɗa. Ashe ɗan zabo ba ya bin mai gemu. In na yi gabas su yi yamma, ina "kur-kur" suna watsewa, har na faɗa cikin kwandon toka. Da suka gaji da ni sai suka ruga wurin Dada suka shige ƙarƙashin kujerarta, don ita ke fasa masu tukunyar gara kullum. Tun ranar suka maishe ta uwa. Inda zanenta ya yi nan suke yi, kuma kin san gwiwoyinta ba su wuce zaure. Kin ga ashe ita ma Fara kaza ba ta fita fes ba, tunda ita ce mai jan su zuwa gonar. Da kin rubuta daidai, da na tsaya ina gardama da ke a kan maganina, tana can tana kai su.

Amma ba zan ɓoye maki ba, tunda kin ce in faɗi gaskiya. Biyu masu ƙiriniya sun bi ta kafar katanga sun shiga cikin kajin Zailani, suka yi ta zuwa gonar. Kwana kaɗan suka fara rawar jiki suna juya wuya, suka mutu. Kajinsa ma da yawa sun tafi haka. Saura bakwai, kuma garau suke, har sun fara fitar da ɗigo.

Sai kuma shirwa. Lokacin da kajin Zailani ke tangaɗi ta samu garaɓasa, ɗauka kawai take. Wata safiya na same ta a gindin ɗorawa, fiffike a baje, ba rauni ko ɗaya a jikinta. A lokacin ban gane ba, har na ɗauko ta da murna na nuna wa Dada, na ce ga abokiyar gabarki. Ta dube ta ta daɗe, ta ce in je in binne ta. Yau da na karanta zancen mazarƙwailarki na gane ni ne na hura wutar, damina uku. 

Tun da ta mutu ɓeraye suka samu gari. Da rana tsaka suke zagaya rumbu kamar sun biya haya. Dada kuma ta rasa abokin faɗa, sai ta zauna ta dubi kan ɗorawa, in abin ya ishe ta ta juyo kaina.

Kwalbar na toshe ta na rataye a inda hannu ba ya kai. Waken gonar ma na ware shi, sai malamin gona ya gani. Ki ba Gide ɗalibar ya dawo mana da ita, motar ta tashi.

Kawunki,
Yahuza


Ruwan Godiya, Disamba 2021

Mansura,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. An ce layin waya ya kusa dawowa, amma Dada ta ce wannan saƙon a takarda take son shi, don ki ajiye.

Fara ta iso lafiya, ta yi ƙiba har kwandon ya yi mata kaɗan. Da aka sake ta sai ta ruga wurin ɗiyanta tana kiran su, ta tarar sun kusa fin ta tsawo. Suka dube ta, suka dubi Dada, suka koma ƙarƙashin kujera. Yanzu tsakar gida take yawo ita kaɗai tana ɗaga kai, tsakin dawa ma sai ta ga dama.

Shekaranjiya da hantsi ina gyaran rumbu sai na ga inuwa ta gilma. Kafin in ɗaga kai zabin nan bakwai sun shige zanen Dada. Wata sabuwar shirwa ce, ta sauko kamar an jefo ta, ta sure wani ƙaton ɓera a gindin rumbun ta haye ɗorawa da shi. Hannuna ya kai kan dutse, sai na tuna na ajiye. Dada kuwa ta dafa bango ta miƙe, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an kama ta, ta ɗaga sanda tana cewa, "Ɓarauniya ɗiyar ɓarauniya! Sai yanzu kika ga damar zuwa? Ki taɓa mani ɗa ɗaya ki gani!" Tana zagi tana share ido da bakin mayafi. Ranar har ƙarin tuwo ta nema.

Ga saƙon nata. A cikin bakwai ɗin huɗu mata ne, uku maza, irin Damari bai yanke ba. Ta ɗaura wa biyu jan zare a ƙafa, zabo da zabuwa, naki ne, suna jiran ki gama. Ta ce duk garin da aure ko aiki ya kai ki da su, kafin ki buɗe masu akurki, ki fara tambayar abin da ake fesa wa gonar maƙwabta.

Wannan "fara" ɗin ta ƙarshe, ki karanta da kyau, ba kaza ba ce, ba kuma ƙwaro ba.

Kawunki,
Yahuza